Sanya babban allo a akwatin wasan arcade na gida

Akwatin arcade wani dogon akwati ne na katako wanda ke ɗauke da allo, da maɓallai, da sandar sarrafawa, da na'urar da ke tafiyar da wasan bidiyo. Ya yi tashe a Amurka da Japan bayan fitowar Pong a 1972, Space Invaders a 1978, da Pac-Man a 1980. A yau masu sha'awa kan haɗa nasu a gida, musamman tun bayan fitowar manhajar MAME a 1997, wadda ke ba kwamfuta damar kunna tsoffin wasannin. Allo shi ne ɓangaren da ya fi wuyar sanyawa, domin girmansa ne ke yanke faɗin akwatin, da nauyinsa, da irin wayoyin da za a yi amfani da su.

Girma da siffa

Tsoffin akwatuna sun fi amfani da allo mai ƙeya, wato CRT, mai inci 19 ko 25. Wasu na Japan, kamar Astro City na kamfanin Sega, sun kai inci 29. Siffar hotonsu 4:3 ce, yayin da shafaffen allo na zamani yawanci 16:9 ne. Saboda haka babban allo ba ya nufin babban hoto. Allo mai inci 32 na 16:9 yana da faɗin kusan santimita 71, amma idan aka nuna tsohon wasa a kansa ba tare da an miƙar da hoton ba, abin da zai bayyana bai wuce inci 26 ba, sauran gefe biyun kuma baƙi ne. Wasanni irin su Pac-Man an tsara su ne da allo a tsaye, don haka sai maƙeri ya yanke shawarar yadda zai ɗora shi kafin ya yanka katako.

Kafa allo

Ana auna allon tare da firam ɗinsa, a bar sarari a baya domin wayoyi da iska. Shafaffen allo yana da ramukan sukuru a bayansa bisa ma'aunin VESA, misali milimita 100 sau 100 ko 200 sau 200. Ana ɗaure shi a kan katako mai ƙwari da aka gitta tsakanin bangwayen akwatin. Allo mai ƙeya yana da nauyi sosai, kuma mafi yawan nauyin yana gaba wajen gilashi. Idan gindin akwatin bai yi faɗi ba, yana iya rinjaya ya faɗo kan mai wasa.

Haɗa wayoyi

A 1985 aka fito da ma'aunin JAMMA a Japan, wanda ke amfani da mahaɗi mai fil 56 wajen ɗaukar wuta, da hoto, da sauti, da saƙon maɓallai. Hoton na tafiya ta wayoyin ja, kore, shuɗi, da wayar daidaitawa, a mita kusan kilohaz 15. Yawancin allunan kwamfuta ba sa karɓar ƙasa da kilohaz 31, don haka ake sanya na'urar sauya sigina a tsakani. Wanda ke amfani da kwamfuta ko Raspberry Pi kuwa wayar HDMI ta ishe shi. Sai dai wasu talabijin kan jinkirta hoto, har a danna maɓalli kafin a ga motsi, kuma yanayin wasa da ke cikin saitinsu yana rage wannan.

Haɗari

Allo mai ƙeya yana aiki da wutar da ta haura volt 20,000, kuma yana iya riƙe caji bayan an cire shi daga soket. Dole ne ƙwararre ya sauke cajin kafin a taɓa cikinsa. Da yawa daga tsoffin allunan arcade suna buƙatar taransifoma mai raba su da wutar gida, in ba haka ba ƙarfen jikinsu na iya jan mutum. Ana kuma haɗa duk ƙarafan akwatin da wayar ƙasa, a sanya fis, a huda ramuka a sama domin zafi ya fita.