Wane Kifi Ke Iya Zama Da Wane? Daga Furen Teku Zuwa Kandamin Kontagora

Duk ma'aikacin tarayyar da ya fara ƙirga watannin da suka rage masa ya cika shekara 35 a bakin aiki, ko shekara 60 a duniya, akwai sana'ar da yake saƙawa a zuci. Ga da dama daga cikin 'yan asalin Kontagora mazauna Abuja, sana'ar ba ta wuce kiwon kifi. Dalilin a fili yake. Garin yana kan hanyar Yawuri, tafkin Kainji na yamma da shi, mutanensa kuwa sun buɗe ido sun tarar da kifi a kasuwa, ɗanye da banda. Ga fili a bayan gida, ga rijiyar burtsatse, a gina kandami biyu ko uku na siminti, sai a ga kamar lissafi ya gama fita.

Abin da ba kasafai ke shiga lissafin ba shi ne halin kifayen da za a haɗa wuri guda. Mutum zai zuba 'ya'yan kifi dubu, ya yi wata huɗu yana aiko kuɗin abinci daga Abuja, ranar da aka zubar da ruwa aka ƙirga sai a tarar sun ragu ƙwarai. Babu mushe, babu ɓaraka a katanga. Yaron da ke gadi ake fara zargi. Sau da yawa kuwa ɓarawon yana nan kwance a cikin ruwan, ya yi ɓul-ɓul.

Masu ajiye kifin ado na ruwan gishiri sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma babu inda ta fi fitowa fili kamar a zaman da ake yi tsakanin wani ɗan kifi da wata halitta mai dafi a ƙarƙashin teku.

Gidan da ke harbi

Wanda ya kalli fim ɗin yara na Finding Nemo, wanda ya fito a 2003, ya san kifin: ɗan ƙarami, ruwan lemo, da zane fari guda uku. Gidansa wata halitta ce da ake kira animoni, wadda za a iya ce wa furen teku, domin kama take yi da fure mai ganyaye masu lilo. Amma dabba ce, 'yar'uwar murjani. Kowane zare na jikinta cike yake da ƙananan allurai masu dafi, kifin da ya gifta ya taɓa su sai ya sandare, ta jawo shi zuwa bakinta da ke tsakiya ta haɗiye.

A cikin wannan tarko kifin Nemo ke kwana. Jikinsa lulluɓe yake da wani yauƙi wanda ba ya tsokano alluran, kuma idan ya tarar da sabon fure ba ya faɗawa ciki gaba gaɗi. Yakan gogi zaren kaɗan ya ja da baya, ya sake dawowa, har jikinsa ya saba. Zaman na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Furen na kare shi daga manyan kifaye, shi kuma yana korar wasu kifaye masu gwiguyar zaren furen. Kashinsa ma taki ne ga wasu ƙananan tsirrai da ke rayuwa a cikin tsokar furen suna samar mata abinci daga hasken rana.

Sai dai amanar ba ta kowa da kowa ba ce. Furen teku ya haura iri dubu a duniya, amma kusan goma kacal ke karɓar wannan baƙo. Shi ma kifin iri kusan 30 ne, kuma kowane iri da furen da ya sani. Akwai wanda ke iya zama da duka goman, akwai wanda fure ɗaya tak ya yarda da shi. Irin Nemo kansa fure uku yake zama da su a teku. Dukkansu a Tekun Indiya da na Fasifik suke. Babu ko ɗaya a Tekun Atilantika, wato ko an tsefe gaɓar Legas ba za a same su ba. Shi ya sa mai akwatin gilashi da ya sayo furen Atilantika ya haɗa shi da kifin Nemo, don kawai ya ga sun yi kyau tare, yana iya wayar gari ya tarar furen ya yi kalaci da kifin. Wasu manyan furanni masu shimfiɗuwa kamar darduma kuwa sun yi ƙaurin suna wajen cinye sauran kifayen akwatin ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani tsari a cikin gidan da ma'aikacin gwamnati zai gane da kallo ɗaya. Mafi girma a cikin kifayen da ke fure guda ita ce mace, mai bi mata shi ne mijinta, sauran kuwa 'yan jiran gado ne, a jere bisa girman jiki. Wani masani mai suna Peter Buston, wanda ya yi nazarinsu a gaɓar Papua New Guinea ya wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2003, ya nuna cewa na ƙasa yakan tsuke girmansa, ya tsaya a kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon na gaba da shi, don kada a ɗauke shi abokin hamayya a kore shi. In macen ta mutu, mijin ya rikiɗa ya zama mace, kowa ya matsa gaba da mataki ɗaya. Ƙarin girma sai gurbi ya samu.

Ajiye irin wannan akwati a Kontagora abu ne mai wuya. Ruwan na bukatar gishirin teku kimanin giram 35 a kowace lita, da fitila mai ƙarfi, da famfon da ba ya tsayawa dare da rana. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma duk mazaunin garin ya san ba a kan wutar layi kaɗai za a dogara a rayar da furen teku ba. Abin da zai amfani mai kandami a labarin shi ne ƙa'idarsa: girman baki, da irin abinci, da daɗewar sabo su ke yanke hukuncin wanda zai zauna da wani.

Tarwaɗa ba ta san ɗan'uwa ba

Tarwaɗa ita ce kifin da aka fi kiwo a Najeriya, kuma ƙasar ce kan gaba a duniya wajen noman wannan iri na Afirka. An so ta ne saboda juriya. Tana da wata gaɓa a saman matsatsinta mai kama da reshen bishiya, wadda ke ba ta damar shaƙar iskar sarari, don haka takan rayu a ruwan da zai kashe wani kifin cikin dare ɗaya.

Aibinta shi ne ba ta da tsarin gidan Nemo. A cikin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe rana guda, wasu kan yi wa sauran fintinkau cikin 'yan makonni; masu kiwo na kiransu shuta. Da zarar bakin ɗaya ya isa ya haɗiye ɗan'uwansa, to zai haɗiye shi, kuma kowace haɗiya ƙara masa girma take yi, ya ƙara samun waɗanda bakinsa zai iya ɗauka. Nan ne kifayen mai ritaya ke tafiya. Maganin ba ya cin kuɗi mai yawa, ƙwazo yake ci: a riƙa ware su bisa girma kowane mako ɗaya ko biyu tun suna ƙanana, manya gefe, ƙanana gefe, kuma kada lokacin abinci ya wuce, domin yunwa na ƙara rura cin juna. Wannan ne ya sa kandami ɗaya ba ya isa. Wanda ya gina guda ɗaya ƙato ya fi wanda ya gina ƙanana uku asara, tunda ba shi da inda zai kai waɗanda ya ware.

Ita kuwa karfasa, wadda masunta a yankin Kainji suka fi kira gargaza, matsalarta akasin haka ce. Ba ta damu da cin 'yan'uwa ba, gansakuka da ƙananan halittun ruwa sun ishe ta. Amma haihuwa gare ta. Uwar takan ɗauki ƙwai a cikin bakinta har su ƙyanƙyashe, don haka kaɗan ne ke salwanta, kuma a kandami takan fara haihuwa tun tana 'yar wata kaɗan. Kafin a ankara ruwa ya cika da ƙananan da suka tsumbure, abinci bai isa kowa ba, babu wanda ya kai girman da mai saye zai taya.

Daga nan dabarar haɗa su ta samo asali: a bar tarwaɗa ta riƙa rage 'ya'yan karfasa, iyayen su samu sarari su girma, ita ma ta samu nama kyauta. Dabarar na aiki, amma da sharuɗɗa, kuma a wurin sharuɗɗan ake faɗuwa. Karfasa ake fara zubawa, a ba ta lokaci ta yi girman da ya fi ƙarfin bakin tarwaɗa, sannan a kawo tarwaɗa ƙanana, adadinsu bai kai na karfasar ba. In aka juya tsarin, an saya wa tarwaɗa abinci mai tsada ke nan. Na biyu, kandamin ƙasa ake bukata, mai faɗi, wanda rana ke samu ruwansa ya yi kore. A tankin siminti ko na tamfol da aka cunkusa tarwaɗa, iskar da ke narke a ruwa takan yi ƙasa sosai da asuba. Tarwaɗa za ta leƙo ta shaƙi ta sarari ta koma, karfasa kuwa sai a gan ta a saman ruwa tana haki, kafin hantsi ta kife. Babu wanda ya ci wani a nan, ruwan ne ya yi wa ɗaya daidai bai yi wa ɗayan ba.

Bargi yakan zauna lafiya da karfasa a kandamin ƙasa, tunda ƙananan halittu da ruɓaɓɓun abubuwan ƙasan ruwa yake tacewa. Tsage da yauni kuwa mafarauta ne, wurinsu kogi.

Giwa a cikin ɗaki

Kwaɗayin da ya fi haɗari shi ne na giwan ruwa, kifin da ke jan ido a gasar Argungu, wanda kan haura kilo 100. A kogin Neja ɗan gida ne. Ya daɗe tare da sauran kifaye, sun san shi, suna da ciyayi da fadamu da duwatsun da suke ɓuya. Da aka kai shi tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, zamanin mulkin mallakar Ingila, don a samu babban kifin kasuwa, sai ya tarar da ƙananan kifaye 'yan dangin karfasa iri kusan 500 waɗanda ba su taɓa ganin irinsa ba. A shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan iri 200 sun ɓace, ko da yake gurɓatar ruwa ma ta ba da gudummawa. In tafkin da ƙasashe uku ke kewaye da shi bai iya ɓoye ƙanana daga bakinsa ba, kandamin bayan gida ba abin magana ba ne.

Wanda burinsa ado ne kawai, akwatin gilashi a falo, ba sai ya nemi na teku ba. Kogunan Najeriya na da kifayen da ake fitarwa zuwa Turai da Amurka domin ado, kamar mai dogon leɓe da ake ce wa hancin giwa, wanda ke gane hanya a duhu da 'yar wutar lantarkin da jikinsa ke fitarwa. Shi ma da sharaɗinsa: biyu a ƙaramin akwati zaman doya da manja suke yi, babban ya hana ƙaramin sakat. Wasu nau'o'in ƙurungu, masu iyo a rigingine, sun fi sauƙin hali. Minjirya kuwa, mai jan wutar da masunta ke tsoro, ita kaɗai ake ajiyewa.

Ilimin waɗannan abubuwa ba ya nesa da Kontagora. A New Bussa, cikin jihar ta Neja, akwai Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NIFFR, da ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji na 1968, shekarar da aka kammala madatsar. A garin kuma akwai kwalejin tarayya da ke horar da ma'aikatan harkar kifi. Dukkansu hukumomin tarayya ne, da kuɗin gwamnatin da mai ritaya ya yi wa aiki ake tafiyar da su, kuma kwana ɗaya a can ya fi arha a kan buhu goma na abincin da zai ƙare a cikin shuta. Kafin a biya kuɗin 'ya'yan kifi a ko'ina, ya kamata mai saye ya nemi a gaya masa ranar da aka ƙyanƙyashe su da ranar da aka ware su na ƙarshe, sannan a ɗebo masa kaɗan a roba ya duba da idonsa ko tsawonsu ɗaya.