Daji Da Ɗan Adam: Wa Ya Fi Haɗari A Ƙagaggun Labarai?

Masu ƙaga labari sun daɗe suna jefa mutum cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi, don a ga yadda zai tsira da ransa. Amma in mai karatu ya lura, zai ga sau da yawa ba daji ne babban abokin gaba ba, ɗan Adam ne.

Mu ɗauki littafin Shaihu Umar na marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Umar yana yaro wani ya sace shi ya shiga daji, sai kura ta kashe ɓarawon, yaro ya kuɓuta. Da ya girma guguwar rairayi ta binne ayarinsu a hamada, nan ma da sauran kwana. Amma hassadar fadawa ta sa aka kori Makau, mijin mahaifiyarsa. Mahara suka bautar da Umar. Mahaifiyar ta faɗa bauta garin nemansa, suna saduwa ba da daɗewa ba ta rasu.

Haka yake a Robinson Crusoe, wanda Daniel Defoe na Ingila ya wallafa a 1719. Jirgi ya fashe da Crusoe, ya shekara 28 a tsibiri, yana noma yana kiwon awaki. Ran da ya ga sawun mutum a bakin teku, ran nan barci ya ƙaurace masa.

Jama'a, kura in ta ƙoshi takan tafi abinta. Kwaɗayin mutum fa, yaushe yake ƙoshi?