An yi bincike a kanmu, amma wa ya karanta mana?

Yau hirarmu a kan Sabon Birni da Isa ce, amma ba ƙirgen hare-hare za mu yi ba. Maganar karatu ce.

A watan Satumban 2021, Dakta Murtala Ahmed Rufa'i, malamin tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya gabatar da wata takarda mai suna "I Am a Bandit". Shekara kusan goma ya yi yana bin diddigin 'yan bindigar Zamfara, har da zama da su da jin ta bakinsu. Takardar ta bazu a intanet, 'yan jarida da masana suka yi ta tafka muhawara a kanta. To a cikin watan nan dai aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, Isa da Sabon Birni na ciki. Wato mutanen da ke kwana da wannan wuta su ne ba su da sabis ɗin da za su buɗe ta. Kun ga inda gizo ke saƙar?

Irin wannan aiki shi ake kira kimiyyar zamantakewa: me ya raba manomi da makiyayi, ina burtali ya tafi, me ke sa saurayi ɗaukar bindiga, yaya kasuwa ke mutuwa idan hanya ta rufe. Malamanmu suna rubutawa. Sai dai yawanci rubutun a mujallar ilimi yake ƙarewa, wata ma sai ka biya dala 30 ko 40 kafin ka karanta maƙala ɗaya. Ɗalibin da iyayensa ke gudun hijira, ina zai samo?

Mu Gobirawa kuma namu ya zo da ƙari. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 gidan sarauta ya watse, daga baya wasu suka kafa Tsibiri, wasu Sabon Birni. Da Turawa suka ja iyaka, Tsibiri ta faɗa Nijar. Ilimin ma sai ya rabu biyu: abin da aka rubuta a kan wannan ɓangare da Turanci, na can kuma da Faransanci, irin ayyukan Guy Nicolas a kan Hausawan yankin Maraɗi. Dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, amma ɗan Gatawa ba ya iya karanta abin da aka rubuta a kan kawunsa na tsallake. Abin na ci mini rai, wallahi.

Amma fa ƙofa ba a rufe take ruf ba. Shafin AJOL ya tara ɗaruruwan mujallun Afirka, da yawa kyauta ne. JSTOR na barin ka karanta maƙala 100 a wata idan ka yi rajista. Persée na Faransa kyauta ne. A Google Scholar kuwa, rubuta Gobir, ka duba gefen sakamakon. In ka ga PDF, sauke abinka. Wadda ka tarar a kulle, aika wa marubucin imel, da yawansu murna suke su turo.

Sai dai saukewa rabin aiki ne. Dagacin da ake kira sulhu, da uwar da aka ƙaƙaba wa garinta haraji, ba za su zauna da shafi arba'in na Turanci ba. Nan ne aikin ya dawo kanmu da muka je jami'a. In ka shigo Sakkwato inda sabis ke da ƙarfi, sauke maƙala ɗaya, ka karanta ta da kyau, ka naɗi bayaninta da Hausa minti biyar. Faɗi sunan mai binciken da shekarar, kada ka ƙara gishiri, don kada ta koma jita-jitar WhatsApp. Murya kuma ba ta jiran sabis: Xender da memori sun isa su kai ta ƙauye.

Wanda ya iya Faransanci cikinku, musamman 'yan'uwa na Maraɗi, ya yi mana magana. Muna son mu fara da Guy Nicolas a shiri na gaba.