Daga Goyo Zuwa Jarka: Yadda Ƙuruciya Ke Bin Mutum Har Furfura

Duk wanda ya koyar a firamare a ƙasar Mai'adua ya san halin ranar Litinin. Kasuwa ta ci jiya Lahadi, saboda haka rabin aji gyangyaɗi yake yi, wasu ma ba su zo ba. Yaron da ya wuni yana kora shanu daga kara zuwa inda manyan motoci ke lodi, da yarinyar da ta wuni da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, ba su da sauran ƙarfin lissafi. Na daɗe ina riƙe da alli a wannan yanki, galibi a Kongolam, garin da ke bakin iyakarmu da Nijar, a kan hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Kazaure da Daura, ta tsallaka Ɗan Barto ta nufi Matamai da Damagaram. Yaran da na koya wa baƙi da wasali yanzu magidanta ne, wasu har sun aurar da 'ya'ya. Malami a ƙaramin gari yana da wata dama da likita ko alƙali ba su da ita: yana ganin mutum tun yana majina, ya kuma gan shi da gemu.

Dattawanmu suna da magana biyu da kan ja da juna. Sukan ce hali zanen dutse, sukan kuma ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da na gani a aji da kan titi ya fi karkata ga ta biyun. Yaro ba ya zuwa duniya da zanensa a gama. Abin da ya ci, da abin da ya ji, da abin da ya tsorata shi, da wanda ya tsaya masa, su ne ke yin zanen a hankali.

Kwana dubu na farko

Masana lafiyar yara suna ƙirga kwana 1,000 daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2. A wannan tsakani ƙwaƙwalwa ke girma da saurin da ba za ta ƙara yin irinsa ba, kuma kafin yaro ya shiga aji ɗaya ta kusa kai girman ta babba. Idan abinci ya gaza a lokacin, yaro ya kan tsumbure, kuma gajartar jiki ita ce kawai ɓangaren da ido ke gani. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi.

A wajenmu an san lokacin da abin ke tsananta. Daga Yuli zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun sauka, yaro kuma sai tsurar koko safe da yamma. Ga al'adar matse dakashi a zubar, alhali shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri. Ga ɗura wa jinjiri ruwa tun bai kai wata 6 ba. Ga yaye na rana ɗaya: a shafa wa nono ɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, ya rasa nono da ƙirjin uwa a dare guda. Mafi yawan maganin kuwa yana cikin kasuwarmu: garin ƙuli-ƙuli a cikin koko, waken suya, zogale, ƙwai, kindirmo.

Yunwar ƙuruciya tana da dogon hannu. A ƙasar Holan an yi matsananciyar yunwa a hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Da likitoci suka bi sawun waɗanda ke cikin ciki a lokacin, sai suka tarar bayan shekaru masu yawa sun fi takwarorinsu fama da ciwon sukari da ciwon zuciya. Mu da muka ga farin 1984, muka kuma ji labarin yunwar yaran Maraɗi a 2005, wannan ba labarin nesa ba ne.

Ciki kaɗai bai isa ba. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara 2, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan kimanin shekara 20, waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin da ya zarce na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Hira ce kawai da wasa.

A nan nake tuna kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ba na zagin kunya, domin a da akwai masu cike gurbin: kaka mai tatsuniya bayan sallar isha'i, gwaggo mai tsokana, yayye masu haɗa motar kara. Damuwata ita ce gidan da kakar ta rasu, gwaggon ta yi nisa, uwa ta riƙe kunya, uba kuma ya riƙe waya. A aji ɗaya nakan gane irin wannan yaro cikin mako guda. Ba daƙiƙi ba ne. Bai saba babba ya tambaye shi abu ya tsaya jiran amsa ba.

Yaron da ya girma cikin tsoro

Akwai wani yaro da nakan zaunar a gaba. Duk sa'ad da na ɗaga hannu zan yi rubutu a allo, sai ya ƙanƙame jiki ya kare kansa da gwiwar hannu. Agola ne, uwarsa ta zo da shi gidan wani miji, kuma duk laifin da aka rasa mai shi, nasa ne. Abin da aka koya masa da safe, kafin azahar ya zube.

Likitoci sun bayyana dalili. Idan mutum ya firgita, jiki na sakin wasu sinadarai da ke shirya shi gudu ko faɗa. Wannan rahama ce ga wanda ya gamu da maciji a gona. Amma yaron da kullum yana cikin fargaba, jikinsa ba ya sauka daga wannan shiri, sai barci da koyo da haƙuri duk su raunana. A Amurka, tsakanin 1995 da 1997, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya fiye da 17,000 irin wahalar da suka sha suna yara: duka, zagi, rabuwar iyaye, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi. Waɗanda suka haɗa iri 4 ko fiye, haɗarin faɗawarsu shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka sau 4 zuwa 12.

Mu kan ce yaro bai san komai ba, zai manta. Sakin aure uku a gida ɗaya, faɗan kishiyoyi da ake hucewa a kan 'ya'ya, tura ɗan shekara 6 wani gari da ƙoƙon bara ba tare da guzuri ba, duk muna lissafa su a abin da zai wuce. Ƙila ya manta ranar, amma saurin fushi da rashin yarda da mutane su kan biyo shi har ɗakin aurensa.

Shekarun jarka

Bayan ƙuruciya, ƙofa ta biyu ita ce samartaka. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da danne zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Sha'awar kasada da son yabon abokai kuwa suna tashi tun shekara 12 ko 13. A garin bakin iyaka wannan giɓi yana da tsada, domin kuɗi na wucewa ta gaban yaro kullum.

Lokacin da fetur ke da araha a Najeriya saboda tallafi, yana kuma tsada a Nijar, jarka ta fi kowane malami iya jan ɗalibi. Ɗan shekara 14 zai ɗaura jarkokin fetur a babur, ya bi hanyar daji da dare, ya dawo da abin da ya fi albashina na mako. Wani haziƙin ɗalibina da ya daina zuwa, na bi shi har gida. Uban ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, muka gaisa, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. To amma bokon nan ba don a samu abin sakawa a bakin salati ake yinsa ba? Ga shi yaron ya samu." Yaron na tsugune a gefe, ya ce, "Baba, ka gaya wa Malam zan dawo in an kwana biyu."

Bai dawo ba, kuma sana'ar ba ta jira shi ba. A Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, ribar ta zube. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin shekarar aka sake garƙame iyaka, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Wanda ya shiga harkar yana ɗan 14 ya wayi gari ya haura 20, ba takarda, ba sana'ar hannu, ga iyali. Mafi muni, ya saba da kuɗin dare ɗaya, saboda haka zaman koyon ɗinki ko walda na shekara 3 ya zame masa azaba. Wasu kuma sun fito da tsarabar tiramol da suka fara sha don hana barci a hanya. Gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta cire abin da jiki ya saba da shi tun yana ɗanye.

'Yan mata nasu ya bambanta. Talla don tara kayan ɗaki ta kan cinye shekarun karatu, aure ya biyo baya, ciki ya zo kafin ƙugu ya gama buɗewa. Idan naƙuda ta yi tsawo a gida, ƙarshenta wani lokaci sai asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina. Yarinyar da ita kanta ta tsumbure ta fi shiga wannan haɗari, ta kuma fi yiwuwar haifar ƙaramin jariri. Haka abin ke zagayowa daga uwa zuwa 'ya.

Maraya daga Daura

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce wanda ƙuruciyarsa ta ɓaci ya gama yawo. Ba haka ba ne, kuma shaidar tana cikin masarautarmu. An haifi Muhammadu Buhari a Daura ranar 17 ga Disamban 1942, ɗa na 23 a wurin mahaifinsa Harɗo Adamu. Yana da kimanin shekara 4 uban ya rasu. Waziri Alhasan, ɗan Sarkin Daura Musa, shi ya ɗauki nauyin mahaifiyarsa Zulaihatu da 'ya'yanta. Yaron ya yi kiwo, ya yi allo, ya yi firamare a Daura da nan Mai'adua, ya wuce Midil ta Katsina a 1953, sannan sakandaren lardi inda ya zama shugaban ɗalibai. Yana ɗan shekara 19 ya shiga soja.

Masoyansa da masu sukarsa sun yi tarayya a abu ɗaya: yaron makarantar kwana da bariki bai taɓa barin jikinsa ba. Masoya suna ganin haka a tsantseninsa da garken shanun da bai rabu da shi ba har rasuwarsa a Yulin 2025. Masu suka suna ganin haka a tsaurinsa, tun daga yaƙi da rashin ɗa'a na 1984. Mu mutanen iyaka mun ɗanɗana da kanmu, domin sau biyu yana rufe ta, a 1984 da 2019, har 'yan'uwanmu na Nijar suka raɗa wa yunwar 1984 suna El-Buhari. Ko ta wane gefe mutum ya tsaya, tambayar da ta dame ni ita ce: ina wannan maraya zai ƙare da ba a samu mai riƙe gidan ba?

Wata masaniya, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Amurka a 1955, har suka kai shekara 40. Daga cikin waɗanda suka taso cikin talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama mutanen kirki masu natsuwa. Abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun babba aƙalla guda da ya riƙe su da gaske: kaka, ko maƙwabci, ko malami.

Na ga irin wannan da idona. Agolan nan mai kare kai, ƙanen uwarsa ne ya zo ya ɗauke shi, ya kai shi wurin wani mai gyaran babur. Ubangidan ba mai yawan magana ba ne, amma kullum sai ya ce, "Zo nan, ɗana, riƙe mini wannan," in ya yi daidai kuma ya ce madalla. Yau yana da rumfarsa da yaransa, ban kuma taɓa jin an ce ya ɗaga wa ɗayansu hannu ba.

Abinci da asibiti da makaranta haƙƙi ne a kan hukuma, kuma ya kamata mu ci gaba da nema da babbar murya. Amma riƙo bai taɓa jiran kasafin kuɗi ba. Kowace unguwa a Kongolam, da Kano, da Maraɗi, tana da yaron da kowa ya san halin da yake ciki, kowa kuma yana cewa ba ɗansa ba ne. Waziri Alhasan bai san shugaban ƙasa yake reno ba. Marayu ya gani a gabansa, ya ɗauki nauyinsu.