Ina Kuɗin Suke Tafiya? Yadda Lissafin Mako Ke Kare Aljihu a Kudancin Kano

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya bi sahu. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, ta kayan abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar shekarar.

A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda akasarin jama'a manoma ne da ƙananan 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, wannan sauyi ya shiga kowane gida. Kuɗin mota daga Tudun Wada zuwa Kano ya tashi, haka takin zamani da man injin ban-ruwa da kuɗin niƙa. Saboda haka tambayar "ina kuɗin suka tafi?" ta zama ruwan dare a majalisun matasa. Amsarta tana farawa ne daga abu mai sauƙi: rubuta abin da aka kashe kowace rana, da tsara abin da za a kashe kowane mako.

Me ya sa mako, ba wata ba?

Yawancin shawarwarin tsimi da ake yaɗawa a kafafen sada zumunta an gina su ne a kan albashin wata. Mai albashi kuwa ƙalilan ne a wannan yanki. Ɗan acaɓa a Kwanar Dangora kullum yake samu. Masunci a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, samunsa ya danganta da abin da koma ta kamo. Manomin masara a Doguwa ko na shinkafa a Tudun Wada babban kuɗinsa sau ɗaya yake zuwa, da kaka, sai fa idan yana noman rani. Abin da ya haɗa su duka shi ne kasuwar mako: a nan ake sayar da akuya ko tiyar hatsi, a nan ake yin cefane mai yawa. Tsarin da ya bi zagayen kasuwa ya fi dacewa da rayuwarsu.

Ko mai albashin ma mako ya fi masa amfani. A watan Oktoban 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da naira 71,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano. Idan aka raba wannan adadi gida 30, kowace rana ta samu kimanin naira 2,370, kowane mako kuma kusan naira 16,500. Mutumin da ya riƙe 71,000 a kansa yana jin yana da kuɗi a farkon wata. Wanda ya riƙe 16,500 ya san iyakarsa tun ranar farko, kuma idan ya zarce a mako ɗaya yana da sauran makonni uku na gyara.

Matakin farko: rubutu kawai

Abu na farko shi ne a ɗauki mako biyu ana rubuta komai ba tare da an sauya halin kashe kuɗi ba. Ƙaramin littafi ya isa, ko manhajar rubutu ta waya, ko ma saƙon murya da mutum zai tura wa kansa. Wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami. Sharaɗin ɗaya ne: a rubuta a daren ranar, kafin a kwanta, domin abin da ya kwana ba a rubuta ba yakan ɓace.

Manyan abubuwa kamar buhun taki ko kuɗin makaranta ba sa ɓuya. Ƙananan ne ke sulalewa: shayi da burodi, goro, cajin waya, katin data, kuɗin kallon ƙwallo, ɗan abin da aka miƙa wa ƙani. A ce mutum na kashe naira 300 kullum a irin waɗannan. A mako ya zama 2,100, a wata 9,000, a shekara 109,500. Babu laifi a shan shayi, amma ya dace mai shan ya san adadin, sannan ya yanke hukunci da idonsa a buɗe.

Akwai kuma kuɗin da ke fita ba tare da an sayi komai ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, jama'a suka dogara da masu POS, musamman a garuruwan da ke nesa da banki. Kowane cire kuɗi da ladansa. A Disamban 2024 kuma aka faɗaɗa harajin naira 50 na tura naira 10,000 zuwa sama ya shafi kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Wanda ke cire kuɗi sau biyar a mako yana biyan lada sau biyar. Cirewa sau ɗaya ranar kasuwa takan rage wannan asara.

Mataki na biyu: rabon mako

Bayan mako biyu, littafin zai nuna gaskiyar lamari. Sai a kasa kuɗin mako gida huɗu. Na farko abinci da makamashin girki. Binciken Hukumar Ƙididdiga na 2019 ya nuna kusan kashi 57 cikin 100 na abin da gidajen Najeriya ke kashewa a abinci yake tafiya, don haka kada a yi mamaki idan wannan kaso ya cinye fiye da rabi. Na biyu abin da sana'a ke buƙata don ta ci gaba: mai, gyaran babur, kuɗin mota, uwar kuɗin jari. Na uku ajiyar ko-ta-kwana don rashin lafiya. Na huɗu hidimar zumunci da sauran buƙatun kai.

Kason zumunci shi ne wanda tsare-tsaren da aka aro daga waje ke mantawa da shi. Gudunmawar biki da suna da anko da gaisuwar rasuwa wajibai ne a zaman tare, kuma wanda ya taimaka shi ake taimaka wa ranar tasa. Tunda sun tabbata za su zo, ware musu wani abu kowane mako ya fi a ci bashi ranar da katin gayyata ya iso.

Raba kuɗin a zahiri yana taimakawa: kowane kaso a ambulan ɗinsa ko a asusu dabam. Idan na shayi da data ya ƙare ran Alhamis, ya ƙare ke nan sai sabon mako. Mai sana'a kuma ya raba jari da riba, ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka kullum, domin ƙananan sana'o'i da yawa suna mutuwa ne ta hanyar cin uwar kuɗi ba tare da an lura ba. Adashi na da amfani a nan, saboda yana tilasta zubi a kan lokaci, muddin an san uwar adashin da amana kuma zubin bai fi ƙarfin mako ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kasafin manomi a rumbu yake

Ga manomi, lissafin da buhu ake yin sa kafin naira. Da kaka hatsi ya fi araha saboda kowa na sayarwa, da tsakiyar damina kuma yakan yi tsada saboda rumbuna sun yi ƙasa. Wanda ya sayar da yawa a Nuwamba yakan koma kasuwa a Yuli ko Agusta ya sayi irin abin da ya noma da kuɗin da ya fi wanda ya karɓa. Lissafin ba shi da wuya: idan gida na cin tiya ɗaya a rana, buhu kuma na ɗaukar tiya 40, gidan na buƙatar buhu tara da 'yan kai a shekara. A fitar da zakka, a ware waɗannan buhunan da iri da abin da za a sayar don takin baɗi, sannan a kira sauran rara. Kuɗin rarar ne za a raba wa makonnin da ke tafe.

Iyakar littafi, da abin da ke bayansa

Littafin lissafi ba ya ƙara samu. Gidan da abin da ke shigowa bai kai kuɗin abinci ba, matsalarsa ta fi ƙarfin tsimi, kuma rashin adalci ne a ɗora masa laifin almubazzaranci. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agustan 2024, wadda ta kai ga sanya dokar hana fita a Kano, ta nuna zurfin wannan ƙunci. Sai dai littafin yana bayyana wani abu mai muhimmanci: nawa ne daga cikin kuɗin mutum ke tafiya wajen biyan abin da hukuma ya kamata ta samar. Ruwan 'yan garuwa, cajin waya saboda rashin wuta, maganin da babu a asibitin gari, gyaran babur saboda lalacewar hanya, duk suna da layi a shafin.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga muhawarar kasafi. A 2016 ɗan majalisar Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin, wanda ya shugabanci kwamitin kasafin kuɗi na Majalisar Wakilai, shi ya tayar da batun cushe a kasafin ƙasa, rikicin da ya kai ga dakatar da shi a watan Satumban shekarar. A ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu a rabon wata-wata, har da Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Matashin da ya saba tambayar kansa nawa ya shigo, nawa ya fita, a ina aka kashe, ya riga ya mallaki tambayoyin da ake yi wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Idan goma daga cikinsu a unguwa ɗaya suka haɗa abin da suka kashe wajen sayen ruwa a wata uku, sun samu hujja da adadi da za su ajiye a gaban mai neman ƙuri'arsu, su tambaye shi nawa aka ware wa rijiyar burtsatse a kasafin bana, kuma ina aikin ya tsaya.