Wane Ne Wannan a Jikin Hoton?

 Yau zancen hoto za mu yi. Ba hoton jarida ba, ba kuma na 'yan takara da ake mannawa a bango lokacin zaɓe ba. Hoton gida nake nufi, wanda ke cikin tsohon albam a ƙasan akwati, da wanda aka saƙale a jikin madubi, da kuma tulin da ya cika mana waya.

Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce, ban taɓa karɓar ko kwabo a kanta ba. Sha'awa ce ta kama ni tun ina saurayi, har yau kuma ba ta sake ni ba. Abin da na fahimta a tsawon wannan lokaci shi ne, hoton gida rabin magana ne. Sauran rabin yana bakin wani mutum, galibi tsoho ko tsohuwa, wanda zai ɗora yatsa a kan fuska ya ce wannan wane ne, ɗan gidan wane, ga kuma dalilin da ya sa aka ɗauka. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A kan hoton gida kam, ganin ne ke neman ji ya cika shi.

Ba a yi wani daɗewa ba da talaka ya fara riƙe kyamara da hannunsa. A shekarar 1888 ne George Eastman, a garin Rochester na Amurka, ya fito da akwatin Kodak mai ɗauke da fim na hoto 100. In ka cinye fim ɗin sai ka mayar wa kamfani akwatin gaba ɗaya, a wanke maka hotunan, a sa sabon fim a dawo maka da shi. A 1900 kamfanin ya fito da ƙaramar kyamarar Brownie a kan dala 1 kacal. Daga nan ne ɗaukar hoto ta shiga hannun yara da iyaye mata da 'yan makaranta.

Irin wannan Brownie ɗin aka kawo wa wani yaro ɗan kafinta tsaraba daga Senegal a 1935. Sunansa Seydou Keïta, mutumin Bamako. Da 'yan gidansu da maƙwabta ya fara koyo, kamar yadda kowane mai sha'awa ke farawa, sai a 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto. A tsakar gida yake aiki da hasken rana, ya rataya ƙyalle mai zane a baya, kuma yawanci sau ɗaya tak yake ɗaukar mutum saboda tsadar kayan aiki. Ya tanadi kayan aro ga mai so: rediyo, agogon hannu, alƙalami, kwat, keke, babur, har da mota. Mutum ya zo ya zaɓi abin da zai riƙe ko ya jingina da shi.

Duk wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi ya san irin wannan ɗakin hoto, da labulensa mai zanen bene ko jirgin sama, da furen roba, da tarhon da ba a haɗa shi da komai ba. Akwai masu kallon waɗannan hotuna su ce ai ƙarya ce, agogon ba nasa ba ne. Ni ban ɗauke su a haka ba. Saurayin da ya baro ƙauye ya zo birni neman kuɗi, ya ari kwat ya tsaya kusa da rediyo, saƙo yake aika wa mahaifiyarsa: ina nan lafiya, ban tagayyara ba, ki kwantar da hankalinki. Ita kuma in hoton ya isa hannunta, ba kwat ɗin take dubawa ba. Kumatunsa take dubawa, ta ga ko ya rame.

To, ku ji abin da ya faru da hotunan Keïta. A 1991 aka nuna wasu daga cikinsu a wani baje kolin fasahar Afirka a birnin New York, aka rubuta a ƙasa cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Sai da wani Bafaranshe mai suna André Magnin ya bi sawu har Bamako, inda wani mai hoton, Malick Sidibé, ya duba ya gane aikin Keïta ne. Daga nan sunansa ya zaga duniya kafin ya rasu a Paris a 2001. An gano mai ɗauka, amma akasarin waɗanda ke jikin hotunan har yau ba suna ake nuna su. Mai kallo a Turai zai yaba ɗaurin ɗankwali da yadda zanen atamfa ya dace da na labule, ya wuce. Alhali matar nan uwar wasu ce, kakar wasu ce, tana da sunan da ake kiranta da shi a gida. Wannan abu yana damuna duk lokacin da na ga hotunan, duk kuwa da kyansu.

Bari in kawo muku misali daga gidanmu. Kakata ta wajen uba hoto ɗaya gare ta a duniya, shi ne na fasfon da ta je Makka da shi. Baƙi da fari ne, bai wuce girman akwatin ashana ba. A kusurwarsa ta ƙasa akwai rabin hatimi da ya dusashe, a sama kuma ga huda biyu masu tsatsa inda aka maƙala shi da takarda. Ta haɗe fuska, ta tsuke baki, idonta bai kalli kyamara sosai ba. Duk jikan da ya gani sai ya ce lallai tsohuwar nan ta yi tsanani.

Wata rana na kai wa gwaggona hoton, na ce, "Gwaggo, wai haka Inna take da faɗa?" Ta karɓa, ta matso da shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Zauna nan, mai sunan Malam. Inna ba ta iya faɗa ba, ko akuya ba ta iya kora da tsawa. Mai hoton ne ya ce kada ta motsa, kada ta yi dariya. Ita kuwa tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa zama gaban baƙon namiji ya ƙura mata ido ba. Kunya ce kake gani." Ta ce mayafin ma aro ne daga maƙwabciya, don ana son mai haske. Daga mayafi ta gangara kan bijimin da aka sayar aka cika kuɗin kujera, da yadda aka raka Inna filin jirgi na Kano, da tsarabar zamzam da dabino da bagaruwa da aka raba wa unguwa. Har aka kira la'asar ba ta gama ba. Gwaggo ta rasu yanzu, Allah Ya jiƙanta da rahama. Amma yau in na nuna wa 'ya'yana hoton nan, mace mai kunya da taushin zuciya nake nuna musu.

A gidaje da yawa haka abin yake. Hoton da aka ɗauka don hukuma, na fasfo ko katin shaida ko takardar fansho, shi ne ke zama abin da ya rage, a kai shi a faɗaɗa bayan rasuwa. Sannan kusan kowane albam yana da hoton taron biki da wani mutum ke tsaye a layin baya, kowa ya san ɗan'uwa ne, amma wanda zai faɗi sunansa ya riga mu gidan gaskiya.

Mutanen Japan sun ga darajar irin waɗannan takardu a ranar da ba a fata. Bayan girgizar ƙasa da igiyar teku ta 11 ga Maris 2011, sojoji da masu aikin ceto da ke tonon ɓaraguzai sun riƙa ware duk albam da hoton da suka tsinta a cikin taɓo. A garin Yamamoto kaɗai, a lardin Miyagi, an tara kimanin hoto 750,000. 'Yan sa-kai suka zauna suna wanke su ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta, suna shanyawa, suna sake ɗaukarsu da kyamara don a adana a kwamfuta. Aikin na gaggawa ne, domin in hoto ya daɗe a jiƙe ƙwayoyin cuta na cinye fatar da hoton ke kwance a kai, fuska ta narke. Bayan an gama sai aka jera su, mutanen gari suka riƙa zuwa suna dubawa. Wankin dai kowa zai iya yi, amma mayar da hoto gidansu sai da wanda ya san fuskar. Mu ma da muka ga yadda ruwa ya mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, mun san abin da ambaliya ke yi wa akwatin da ke ajiye a ƙasa.

Yanzu ga waya a hannun kowa, ba a ƙirga hoto kamar zamanin fim mai 24 ko 36. Na ji daɗin hakan ƙwarai, don ƙarancin fim ne ya sa albam ɗin iyayenmu ya cika da sallah da biki da suna kaɗai, kai ka ce kullum cikin sabon ɗinki suke. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne, da wayar ma abin da muke ɗauka ke nan, har da ƙarin manhajar da ke goge fuska ta haskaka fata, ta yadda jikokinmu za su gaji kamannin da ba namu ba.

Shi ya sa ni yanzu ranakun da ba a shirya musu ba nake bi. Hannun mahaifiyata a kan muciya. Keken baba a jingine a zaure. Bakin rijiya da guga, da ƙofar ɗakin da aka haife mu. Ranar da aka raba gado aka sayar da gida, aka rushe aka yi ginin siminti, waɗannan ne ke ɓacewa. Kuma na lura su ne suka fi buɗe bakin mutane. Nuna wa yayarka hoton zauren nan, za ka ji labarin baƙin da suka kwana a cikinsa da almajiran da suka yi karatu a wurin, abin da hoton ango da amarya ba zai jawo ba.

Sai dai a nemi izini. Akwai dattawan da ba sa son a ɗauke su saboda fahimtarsu ta addini, malamai kuma sun yi saɓani a kan mas'alar. Wanda ya ce a'a, a bar shi. Na taɓa roƙon wani dattijo ya bar ni in ɗauki buzunsa da allonsa da gafakarsa, ya yarda, kuma duk wanda ya san shi in ya ga hoton nan shi yake tunawa. Hoton matan gida kuwa amana ne, ba a ɗora shi a Facebook ko a watsa a WhatsApp ba da sanin mai shi ba.

Ga wanda ke da tsohon albam, ga abin da nake ba da shawara. A ɗauke shi daga ƙasa saboda laima da gara. A kai wa wanda ya fi kowa shekaru a gida, a kunna rikoda ta waya, a bar shi ya yi ta bayani ba tare da an katse shi ba. A bayan kowane hoto a rubuta suna da laƙabi da gari, da fensir mai laushi, don tawadar biro tana ratsa takarda ta ɓata fuska. In ba a tuna shekara ba, a rubuta abin da aka tuna, ko shekarar da aka yi fari ce, ko zamanin wane sarki ne, da boko ko da ajami. Na cikin waya kuma a zaɓi kaɗan a kai a wanke, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.