Teburin Mai Shayi a Tsakiyar Hunturu

Tun kafin a kira assalatu mai shayin bakin layi ya riga ya fito a Tudun Wada, cikin ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu. A watan Disamba da Janairu hazo kan lulluɓe unguwar, iskar arewa maso gabas tana kaɗowa daga Sahara, busasshiya, mai fasa leɓe da kaushin ƙafa. Ana sallame sallah masallata da 'yan kabu-kabu za su cika bencinsa, kowa ya naɗe kai da rawani ko mayafi.

"Mai shayi, a haɗa mini mai kauri, da zafinsa!"

Zafin nan shi ne abin da yake kokawa da shi tun fitowarsa. Mutane na ɗora wa sanyi laifi, amma sanyin Sakkwato bai kai ya hana gas ɗin murhunsa fita daga tukunyar gas ba. Sai a ƙasashen ƙanƙara ake ganin haka. Mai cin kuɗinsa iska ce. Tana kwantar da harshen wuta gefe guda, zafin ya bi sarari, gindin buta ya samu saura. Ruwan da ya kwana a jarka kuma ya yi sanyi ƙarara, sai ya daɗe bai tafasa ba. Ga ƙura tana toshe ƙofofin kan murhu, wutar da ya kamata ta fito shuɗiya ta koma ja, tana baƙanta tukunya.

Da can risho ne abokin aikinsa, a datse lagwani, a zuba kananzir. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016 risho ya fara komawa lungu. Yanzu aikin ya rabu biyu: ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 ta suyar ƙwai da dafa Indomie, kurfoti da gawayi na babbar tukunyar ruwa. Gawayi ma iska ba ta raga masa ba, tana hura shi ya ci da sauri, kafin hantsi ya zama toka.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabararsa. Guntun langa-langa ya lanƙwasa ya kewaye murhun ta fuska uku, ya juya teburin ya ba gabas baya. Murfi ba ya barin bakin tukunya sai lokacin ɗiba. Garwashi kuwa yakan rufe shi da toka idan ciniki ya lafa, ya tone shi idan jama'a sun dawo. Tukunyar gas kaɗai ba ya yarda ya kewaye ta ruf, don kada zafi ya taru a jikinta.

Wajen ƙarfe goma rana ta fara keta hazon, benci ya yi sauƙi. Almajirai biyu sun tsuguna gefen kurfotin, sun miƙa tafin hannu kan sauran garwashi, shi kuma yana ɗauraye kofuna.